Na Ce Na Karanta Shi Har Ƙarshe

A ƙungiyarmu ta karatu akwai doka guda da ba a wasa da ita. Duk wadda ta kawo littafi don a zaɓa, sai ta miƙe tsaye, ta ɗora hannu a kansa, ta ce a gaban kowa, "Na karanta shi daga bango zuwa bango." Ba ma kiran wannan rantsuwa, don yawancinmu 'yan coci ne kuma kalmar ba ta yi mana daɗi. Shaida muke cewa. An gaya min dokar ta samo asali tun kafin in shiga, ranar da wata ta kawo littafin da ba ta gama ba, aka yi ta karanta shi da babbar murya har aka iso wani shafi wanda mai karatun ta kasa fitar da shi daga bakinta, ga kuma matar fasto zaune a kujerar gaba. Tun daga ranar, duk wadda ta yi shaida a kan abin da ba ta gama ba, za a cire littafinta, ita kuma ta shekara ba ta kawo wani ba.

Mu goma sha ɗaya ne, mata zalla. Muna haɗuwa ran Asabar da yamma a Kakuri, a barandar shugabarmu, wata nas da kowa ke kira Anti. Ni ce ƙaramarsu, ni ce kuma sakatariya. Ba na jin don na fi kowa iyawa ne. Ina zaton an duba an ga ni ce mai digiri marar miji marar 'ya'ya, aka ɗauka ina da lokaci. Turanci nake koyarwa a wata ƙaramar makarantar kuɗi a Tirkaniya.

Wadda ta shigar da ni ƙungiyar ita ce Mama. Ba ita ta haife ni ba, ƙawar mahaifiyata ce, gida ɗaya suka yi haya shekaru da yawa, kuma bayan rasuwar mahaifiyata ita ta tsaya a kaina. Ta yi aiki a masaƙa tun tana budurwa har aka rufe. Turancinta kaɗan ne, idonta kuma ya yi yana, don haka a kowane zama mutum ɗaya ke karantawa, ni kuma in zauna kusa da ita ina juya mata da Hausa a hankali. A wannan shekarar ɗanta ya gama gina mata ɗaki a ƙauyenmu, aka sa ranar da mota za ta zo ta kwashe ta. Duk mun san littafin da za a zaɓa a wannan karon shi ne na ƙarshe da za ta ji tare da mu.

'Yar Anti ce ta jawo mana irin littafin. Ta zo hutu daga jami'a, ta tarar da mu muna karanta wani abu a kan zaman aure, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce mu kullum yadda za a lallaɓa miji muke nazari. Ta ce akwai ƙagaggun labaran kimiyya da mata suka rubuta, inda suke ƙirƙiro wata duniya, ko wani zamani mai zuwa, su tambaya wa ke yin aiki a can, wa kuma ke yanke shawara. Maganar ta taɓa Anti, ko da yake ta yi kamar ba ta ji ba. Asabar ta gaba ta sanar cewa irin waɗannan za a kawo.

Na samu nawa a wurin wani dattijo mai sayar da littattafan gwanjo a gefen kasuwa. A buhu littattafan suke zuwar masa, yawanci a yayyage, shi kuma ya zauna da allura da zare da gam ya ɗinke su, ya yi musu sabon bango da kwali. Aikinsa yana da tsabta ƙwarai. Labarin wani ƙaton jirgi ne da ya kwashi mutane daga duniyarmu bayan ta lalace, zai kai su wata duniyar, tafiyar da sai jikokin jikoki ne za su ga ƙarshenta. Zafin da ke waje yana cinye jikin jirgin a hankali, saboda haka akwai mata a can ƙasa waɗanda aikinsu dare da rana shi ne saƙa wani ƙyalle na zaren ƙarfe da ake yi wa jirgin faci da shi. Wata rana ɗaya daga cikinsu ta ci karo da rajistar jirgin, ta ga ba a rubuta su cikin fasinjoji ba. A cikin kayan aiki aka rubuta su. Shi ya sa ba su da ƙuri'a a majalisar da ke yanke inda jirgin zai nufa.

Ran Talata na saya. Zuwa Juma'a na kai babi na goma sha shida, cikin ashirin da huɗu da aka jera a shafin farko. Niyyata in ƙarasa da safiyar Asabar. Sai mai makarantarmu ta kira taron iyaye, wanda aka ce na awa ɗaya ne, ba mu tashi ba sai bayan azahar. A cikin keke, daga Tirkaniya zuwa Kakuri, na yi ta rarrashin zuciyata. Babi takwas ne kawai suka rage, gobe bayan coci zan gama. Maganar da za ta zama gaskiya gobe, na ce wa kaina, ba za a kira ta ƙarya sosai ba. Yanzu in na tuna, ban san yadda na yarda da wannan tunanin ba, ni da nake duba ƙofa sau uku kafin in fita.

Littattafai uku aka kawo. Wata malamar firamare ta kawo labarin garin da aka hana mata koyon lissafi, ita da kanta ta ce yana da nauyi. Sai Madam, 'yar kabilar Ibo mai shagon kayan gyaran mota, wadda a Kaduna aka haife ta kuma Hausarta ta fi tawa daɗi.

"Nawa labarin wata likita ce," in ji ta. "Asibiti ya ƙera mata mutum-mutumi mai kamarta sak, don ya rage mata aiki. Sai ta riƙa tura shi gida wurin miji, ita ta zauna da marasa lafiyarta. Shekara uku mutumin nan bai gane ba."

"Uku kawai?" in ji Anti. "Nawa sai ya yi goma, in dai tuwo na zuwa a kan lokaci."

"Madam, ke da kike harkar ƙarfe, ki yi mana oda mana," wata ta ce.

"Sai dai na gwanjo. Kuma in ya lalace kada ku dawo min da shi."

Da aka zo kaina na fara bayani. Ina isowa wurin rajista Mama ta ɗaga hannu.

"Tsaya, 'yata. A ina kika ce an rubuta su?"

"Cikin kayan aiki, Mama. Tare da injuna."

Sai ta ce in ci gaba. Da na gama, na miƙe, na ɗora hannu a kan bangon kwalin nan, na faɗi abin da ake faɗi. Ban gama zama ba Mama ta ce, "Wannan za mu karanta."

"Mama, sai an jefa marfi," in ji Anti.

"A jefa. Ni dai na faɗa."

Haka muke zaɓe. Bayan mako biyu da kawo littattafai, kowace za ta sha lemo ta riƙe marfin kwalbarta. A bayan labule a jera gwangwanaye, kowanne da littafinsa a gefe, mu shiga ɗaya bayan ɗaya mu jefa. Sakatariya ke shiga ƙarshe, ita ce kuma ke fito da gwangwanayen ta zube a tire a ƙirga.

Ran Lahadi bayan coci ko kaya ban canza ba na zauna da littafin. Na wuce babi na sha bakwai, na wuce na sha takwas. Matan sun fara saƙa a hankali da gangan, sun bar facin da ke saman zauren majalisa ya yi siriri. A babi na sha tara aka turo dogarai su sauko wurinsu. Ina jin takun dogaran a kan matakala, na juya shafi, sai na ga kwali. Jimlar ma ba ta ƙare ba. Na ɗaga littafin, na leƙa ɗinkin, na girgiza shi kamar wani abu zai faɗo. Dattijon ya manna bangon baya da kyau, ba wata alamar an cire komai. Babi biyar da rabi babu su.

Litinin ana tashi daga makaranta na tafi wurinsa.

"Malama, yadda ya zo min haka na ɗinke shi," ya ce, bai ko ajiye allurarsa ba. "Wani ya zo ba kai, wani ba ƙafa. In na tsaya karanta kowanne, yaushe zan yi ɗinki? Ki ɗauki wani a madadinsa."

"Baba, ba wani nake so ba. Ƙarshen wannan nake nema."

Ya dube ni ta saman tabarau, ina jin ya ga halin da nake ciki, ya nuna min buhuna huɗu a bayan rumfa inda yake zuba shafukan da suka rabu da iyayensu. Na durƙusa da kayan makaranta na zazzage su ɗaya bayan ɗaya. Na ga rabin littafin kimiyyar sinadarai, na ga waƙoƙin coci, na ga wasiƙar wani zuwa ga budurwarsa. Har ya fara haɗa kayansa ina nan, hannuwana sun yi baƙi. Ban samu ko shafi ɗaya ba.

Na koma kan waya. Babi na farko kawai ake bayarwa kyauta. Masu sharhi kuwa kamar sun haɗa baki, kowa ya kawo labarin har wajen tsakiya sai ya ce ba zai ɓata wa mai karatu ba. Wata ta rubuta cewa ƙarshen ya sa ta jefar da littafin. Wata ta ce ya sa ta kukan daɗi. Wannan ya ƙara tayar min da hankali, don yanzu ban ma san ko akwai abin da ba za a iya karantawa a barandar Anti ba. Na kira wata da muka yi jami'a tare ta duba min laburare, ta duba ta ce babu. Na samu mai kawo littattafai daga waje, ya ce aƙalla mako shida, in an yi sa'a. Motar Mama mako biyar ya rage mata.

Abin da ya kamata in yi a bayyane yake, kuma na san shi tun ran Lahadin. In je wurin Anti in faɗa mata, a cire littafin tun kafin zaɓe, in sha kunyata. Sau biyu na kama hanyar gidanta. Sau ɗaya har na ga ƙofar, na juya na shiga shagon mai katin waya kamar abin da ya kawo ni ke nan. Kullum sai in ce bari in ƙara kwana ɗaya, wataƙila gobe a samu.

Ita kuwa Mama ta shiga kamfe. Ta sa ni in riƙa biyowa ta ɗakinta in na tashi daga aiki, in ba ta labarin dalla-dalla, don ta san abin da za ta gaya wa mutane. Tana zaune a bakin gado, kwalayen da ta fara haɗa kaya a ciki jere a bango, tana saurare da ido a rufe. Wani lokaci ta katse ni.

"Wannan marubuciyar ba ta taɓa tsayawa gaban inji ba. Zare ba ya tsinkewa haka shiru. Kafin ya tsinke sai kin ji ƙarar ta canza."

A nan ne ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba, duk tsawon zamanmu. Ta ce a masaƙa kowane inji da lambarsa, kuma lambar injinki ita ce a ɗinke a rigar aikinki. Mai duba aiki ba ya kiran suna, lamba yake kira. Ta ce akwai matar da suka yi shekara takwas gefe da gefe, ba ta san sunanta na yanka ba sai ranar jana'izarta. Ba da ɓacin rai ta faɗa ba. Kamar tana ba ni kwatancen hanya ta faɗa.

Ran Alhamis ta makon farko ta yi min tambayar da nake gudu.

"To, a ƙarshe fa?"

"Mama, in na faɗa miki ai na ɓata miki daɗin."

"Ni ba yarinya ba ce. Idona ba ya gani, kwanakina a garin nan sun kusa ƙarewa. Sun samu ko ba su samu ba?"

Mu biyu ne kawai a ɗakin. Ba Anti, ba doka, ba wanda zai ji. Da na ce mata ban sani ba, ina jin da ta yi min faɗa ta kuma rufa min asiri. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Za a iya cewa sun samu. Kusan dai haka ne."

"Na sani," ta ce, ta buga cinyarta. "Jikina ya ba ni."

Daga ranar ta daina cewa littafi ne mai kyau, ta koma cewa matan sun ci nasara. Ta bi gida gida da sandarta. Akwai wata 'yar ƙungiyarmu da ta koma Kakau tana noma, ba ta cika zuwa ba saboda nisa. Mama ta hau keke, ta sauka ta hau bas, ta je har gona ta same ta, ta sa ta yi alkawarin zuwa ran zaɓe. Da ta dawo ƙafarta ta kumbura, ni na dafa ruwa na gasa mata, tana ba ni labarin tafiyar tana dariya.

A mako na biyu na yi abubuwan da har yanzu ba na son tunawa. Na shiga zaurenmu na waya na yi ta yabon littafin Madam, wai yana da ban dariya, wai zai fi sauƙin fassara. Madam ta kira ni.

"Ƙanwata, ke wace irin 'yar takara ce? Ni nake neman kujera, ke kike min kamfe. Ko dai akwai wani abu?"

"Babu, Madam. Gaskiya dai nake faɗa."

"To na gode. Amma Mama ta riga ta kwashe min mutane, har maƙwabciyata."

Sai na gwada rubuta ƙarshen da kaina. Tunda sakatariya ce ke kai littafi a yi fotokofi, na ga zan iya buga nawa in haɗa, ba mai lura. Na zauna a ofishin malamai lokacin hutun tara, na cika takardar jarrabawa biyu gaba da baya. Dogarai suka sauko, shugabar masaƙan ta yi musu jawabi, suka ajiye makamai, aka ba mata ƙuri'a. Da na sake karantawa sai na ji kamar insha'in ɗalibaina. Na yayyaga. Ina so in ce lamirina ne ya hana ni, amma ban tabbata ba. Wataƙila da rubutun ya yi kyau da na yi.

Na daina cin abincin kirki. A aji na rubuta kwanan wata ba daidai ba har yara suka gyara min. Abu ɗaya ya rage min, kuma na yi ta juya shi a raina har ranar ta zo: ni ce ke shiga bayan labule a ƙarshe, ni kaɗai.

Ran zaɓe an yi ruwa da rana, amma kowa ta zo. Matar Kakau ta iso da lakar hanya a zaninta, da ɗanyar masara a buhu ta raba mana. Mama ta ɗaura wata tsohuwar atamfa da ta ce a masaƙarsu aka buga ta. Aka buɗe lemo, aka yi addu'a, aka fara shiga. Ina zaune ina jin ƙarar marfi yana faɗawa gwangwani, ina ƙoƙarin gane wanne ne daga sautin. Madam ce ta riƙe hannun Mama ta kai ta bakin labule.

"Mama, na hagu ne nawa, kada ki ɓata."

"Ke dai sake ni. Ko a duhu na san hanyata."

Da na shiga na leƙa. Na malamar firamare ɗaya, na Madam uku, nawa shida. Marfina yana hannuna. In na kwashe biyu daga nawa na zuba a na Madam, na ƙara da wanda ke hannuna, shi ke nan, littafina ya faɗi, ba wanda zai sake buɗe shi. Har na sa yatsu cikin gwangwanin. Abin da ya tsayar da ni ba wani babban tunani ba ne. Na tuna Mama ta san mutanenta ɗaya bayan ɗaya, kuma za ta tafi ƙauye tana zargin biyu daga cikinsu da cin amana, ba tare da ta san su wane ne ba. Na jefa marfina a na Madam, na kwaso gwangwanayen na fito.

Aka zube a tire. Shida, huɗu, ɗaya. Aka yi tafi, matar Kakau ta rangaɗa guɗa, Mama tana murmushi tana gyaɗa kai. Anti ta ce in kai a yi fotokofi ran Litinin.

Na ɗauki littafin, na buɗe shafin ƙarshe, na miƙa wa Anti. Ta karanta, ta juya, ta ga kwali. Ta koma shafin farko ta duba jerin babi. Sannan ta dube ni.

"Ina sauran?"

"Babu, Anti. Haka na saye shi. Ranar da na yi shaida ban gama ba, ban kuma san ba ya da ƙarshe ba. Washegari na gani."

"Washegari. Mako biyu ke nan."

"E."

Madam ce ta fara magana, ita da za ta amfana.

"Anti, dokar nan ai mu muka kafa ta. Mu karanta abin da ke akwai mana. Saboda Mama."

Wasu suka ce haka ne. Anti ta ce doka ba ta san fuska ba, amma na ga ita ma tana neman hanyar fita, don ta juya wajen Mama, kowa ma ya juya. Da Mama ta ce a bari, da an bari.

"A bi doka," in ji Mama.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta juyo da fuskarta inda take jin numfashina.

"Shaidar da kika yi a nan, wannan tsakaninki da ƙungiya ne. Ni a ɗakina na tambaye ki. Mu biyu."

Na ce ta yi haƙuri. Na faɗa sau uku ko huɗu. Aka ɗauke gwangwanina, aka sake zaɓe tsakanin biyun da suka rage, littafin Madam ya ci. Ni na ƙirga, ni na rubuta a littafin ƙungiya, da hukuncin da aka yanke min, da hannuna.

Asabar biyu da suka biyo baya Mama ta zo. Ta zauna kusa da Anti, Antin ce ta riƙa fassara mata. Ta yi dariya a wuraren dariya. In na gaishe ta takan amsa, ta tambayi aiki, ta tsaya a nan. Ban taɓa sanin gaisuwa kaɗai za ta iya yi wa mutum ciwo haka ba.

A makonta na ƙarshe na daure na je taya ta haɗa kaya, ba tare da ta kira ni ba. Na naɗe kwanuka a tsofaffin jaridu, na ɗaure katifa, kusan awa biyu ba mu ce komai ba in ban da miƙo min wancan, ajiye a can. Can sai ta ce, "Kin zo da shi?"

Littafin yana cikin jakata. Kullum yana ciki, ban san dalili ba.

"Zauna ki karanta. Daga farko. Abin da ke rubuce nake so, jimla bayan jimla. Kada ki ƙara, kada ki rage."

Yammaci huɗu muka yi a haka, ita a kan kwali ni a kan bokiti. Fassara jimla jimla ba ta sauri, ga shi tana tsayar da ni ta yi gardama da marubuciyar. Ran da mota ta zo muna babi na goma sha ɗaya, ko kusa da inda littafin ya yanke ba mu kai ba. Ɗanta da direba suna loda kaya, na ce mata ko in taƙaita mata sauran har zuwa inda na sani.

"A'a. Daga bakinki na ji isasshe."

Na rufe littafin na mayar jaka.

"Kin san abin da ya fi ci min rai?" ta ce. "Matar Kakau. Na je har gonarta na ce mata sun ci nasara. Shekara talatin ban taɓa gaya mata abin da ba haka ba."

"Zan je in yi mata bayani, Mama. In ce daga wurina ne."

"Ki je. Ba a waya ba."

Ɗanta ya ɗaga ta ya sa a gaban mota. Ban sani ba ko ta yafe min, ban kuma tambaya ba, don ina tsoron amsar. Direba ya tayar da inji, sai ta laluba bakin zaninta ta kwance makullin ɗakin, ta miƙo ta taga. Maƙwabta biyu na tsaye a wurin, da mijin Anti, duk sun fi ni kusa da ita.

"Ina 'yar nan? Karɓi. Ki share ɗakin, ki rufe, ki kai wa mai gida a hannunsa."

Na share, na rufe, na kai masa a hannunsa.